Darasi na Bakwai: Rubutun Kwatanci, Misali Daga Tsuntsaye Biyu 'Yan Gida Ɗaya

Abin da ya fi ba ɗalibi wahala a rubutun kwatanci shi ne abubuwa biyu da suka yi kama ƙwarai. Kowa na iya kwatanta jimina da kaza. Gwanintar tana wajen gano abin da ya raba makusanta, don haka muka ɗauko wasu ƙananan tsuntsayen ciyawa guda biyu da ake samu a ƙasar Hausa.

Masana suna kiran na farko Cisticola juncidis, na biyu kuma Cisticola aridulus. Domin sauƙi, a nan za mu ce da su "na fadama" da "na faƙo". Wani masani, Rafinesque, ya bayyana na fadama a 1810 daga tsibirin Sisili, kuma ana samunsa tun daga Kudancin Turai da Afirka har Arewacin Ostireliya. Na faƙo ɗan Afirka ne kawai. Witherby ya bayyana shi a 1900 daga Sudan. Zuriyarsu ta kai wajen iri 50.

A ido kusan ɗaya suke. Kowanne tsawonsa wajen santimita 10 zuwa 12 ne, bayansa ruwan ƙasa mai zane-zanen baƙi, cikinsa fari-fari, abincinsa ƙananan ƙwari. Na faƙo ya ɗan fi haske, jelarsa kuma ta fi duhu, amma wane ne zai tsaya auna haske ga tsuntsun da ke shigewa ciyawa da an matso? Mazauninsu ma bai isa hujja ba. Na fadama ya fi son ciyawa mai danshi da bakin gonakin shinkafa, na faƙo kuwa gajeriyar busasshiyar ciyawa da saura, sai dai akwai wuraren da suke haɗuwa.

Kunne ne ke raba gardama. Da damina namijin na fadama yakan tashi sama yana shawagi, yana yin ƙasa yana yin sama, duk saukowa ɗaya ya ce "tsit", kusan sau ɗaya a daƙiƙa, ba ya canza murya. Na faƙo kuwa kukansa siriri ne mai kama da ƙarar ƙaramin ƙarfe, yana jera shi, kuma yakan haɗa da kaɗa fiffike ya ba da ƙara "ƙas-ƙas", musamman in an firgita shi.

Ɗalibin da ya yi nazarin tsarin sauti ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kalmar "gari" ta mazaunin mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne, tsawon wasalin farko ne ya raba su, kuma ba a ganinsa a takarda. A ganina, kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne cika shafi da kamanni, a bar wannan siffa guda mai rarrabewa a layin ƙarshe, ko a manta da ita. Malamin da ya koyar da haka zai yaye yaran da ke haddace siffofi ba tare da sun iya bambance komai ba.

Jinga: Fita bayan gari da sassafe, ka saurari tsuntsaye biyu masu kama da juna. Tambayi manomi ko makiyayi sunan da yake kiran kowanne, ka rubuta shi yadda ya faɗa da karin harshensa. Sannan ka rubuta sakin layi biyu, ka fara da abin da ya raba su.