Maigida Soja, Ni Baƙuwa a Damazin

Gwaggo,

Ni 'yar garin Mai Wurno ce, can aka haife ni, can aka ɗaura mini aure. Maigidana soja ne. Da aka mayar da shi Runduna ta 4 da ke Damazin, ya ce mu biyo shi da yara uku, muka kama hayar ɗaki biyu kusa da bariki. Gwaggo, sunan mun biyo shi kawai muka yi. Ya kwana biyu a kira shi, ya shafe makonni ta wajen Kurmuk, waya ba ta shiga. Albashi sai wata ya yi nisa. Autana ya koma fitsarin kwance, babban kuwa, mai shekara 13, ba shi da zance sai bindiga da igiyar kafaɗa. Abin da ya fi ci mini rai, maigida ya hana mu yin Hausa a waje, ko a bakin famfo. Jakunkunana har yau a ɗaure suke. In koma wurin surukata, ko in zauna?

Uwar yara uku, Damazin

Ɗiyata,

Ki zauna, kuma ki kwance kayanki yau. Yara suna kallon jakar da ke ɗaure, suna fahimtar uwarsu ma ba ta yarda nan gida ba ne.

Maganar Hausa, kada ki ɗauka mijinki kunyar asalinsa yake ji. Tsoro ne, kuma yana da dalili. A Yulin 2022 an yi rikici tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da Ganis, a Oktoba ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi, ɗaruruwa suka rasu, dubbai suka bar gidajensu. Wanda zai tafi daji ya bar iyali a garin da bai gama sani ba, dole ya yi kaffa-kaffa. A kasuwa ki yi masa biyayya. Cikin gida kuwa ban yarda ku yi shiru ba, ki yi wa yaranki tatsuniya, ki yi musu faɗa ma da Hausa. Kakanninki sun sauka bakin kogin da ya bi ta Damazin bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Wanda ya haura shekara ɗari a wuri ba baƙo ba ne, kuma ya kamata yaranki su ji haka daga bakinki.

'Yan'uwa ba su yi miki nisa ba. Da yamma ki aiki babban ɗanki wurin mai agashe, ya gaishe shi, ya tambayi gidansa. Daga matar gidan za ki san wa ya haihu, ina ake suna, wace ce uwar adashi. Amma kada ki tsaya kan Hausawa kaɗai. Matan sojoji maƙwabtanki, ko daga ina suka fito, zaman jira ɗaya kuke yi. Idan an kira ki shan jabana, wato gahawa, ki je, ki riƙe ɗan abin hannu. Ranar da zazzaɓi ya kama yaro tsakar dare, ƙofarsu za ki buga. Ki dai kama bakinki kan inda aka tura maigida.

Kuɗi kuma, kafin ya sake fita ku zauna ku yanka abin da zai riƙa shigo miki ta manhajar Bankak, ya gabatar da ke ga mai kanti guda, ya ba ki lambar wani abokin aikinsa da ba ya barin bariki. Daminar Damazin mai nauyi ce, daga Yuni zuwa Oktoba baƙar laka na riƙe mota, sauro ya yi yawa. Ki tanadi dawa, gawayi da gidan sauro tun da wuri. Mutanen garin ba su manta 2024 ba, da aka kama Sinja hanya ta toshe, kaya suka yi tashin gwauron zabi.

Autan kada a doke shi, kada a bari yayyensa su yi masa dariya, kewar uba ce. In kin ga jini a fitsarin ko yana kukan zafi, ki kai shi asibiti a duba tsargiya.

Babban shi ya fi damuna. A zamanin da makamai ke hannun samari, ɗan shekara 13 bai kamata ya yini a ƙofar bariki ba. Ki sa shi makaranta, da yamma ya tafi ta allo, ki ɗora masa cefane da ɗebo ruwa. Uban ne zai zaunar da shi ya gaya masa abin da ke bayan kakin nan, yunwa da rashin barci da abokan da ba su dawo ba. Daga bakinki ba zai ji ba.

Sannan ku yi shawara tun yanzu: idan gari ya rikice yana daji, wa zai fitar da ku, ta wace hanya, zuwa gidan wa. Takardun haihuwar yara da katin rigakafinsu ki haɗa su a leda ɗaya, inda hannunki zai kai ko cikin duhu.

Allah ya tsare shi, ya tsare ku.

Gwaggo