Darasi: wanda ya ji ciwo cikin garkar wani, wa zai biya?



Ga rani ya kama, an koma garake. Daga Galmi har Dogarawa, duk inda ka duba cikin fadama albasa ce kore shar. Kowace garka da rijiyarta, wata ma biyu ko uku. Da yawansu bakinsu daidai yake da ƙasa, ba gini, ba murfi. A wannan lokaci ne kuma bisashe ke yawo bayan an saki gonaki, yara suna biye da su. To ga tambayar darasinmu na yau. In mutum ya shiga garkar wani ba da izini ba, ya ji ciwo a ciki, ko dabbarsa ta karye, mai garka zai biya diyya?

Da yawa cikinmu za su ce: "Wa ya aike shi?" Haka ne, ba wanda ya aike shi. Amma wannan amsa ba ta kashe magana a gaban malamai, ba ta kashe ta a gaban alƙali. Su abin da suke fara tambaya shi ne: mene ne ya ji masa ciwon, kuma don me mai garka ya ajiye shi a wurin?

Mu fara da rijiya. Ka gina ta cikin garkarka don ban ruwa. Ka yi darni, ka sa ƙaya. Da dare wani ya ƙetare darnin zai saci albasa, ya faɗa ciki, ƙafa ta karye. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasarmu, sun ce ba ka da alhaki. Littafin Risala, wanda almajirai ke karantawa a zaurukanmu, ya nuna cewa wanda ya mutu cikin rijiya ba tare da aikin wani ba, babu diyya a kansa. Ka gina rijiyarka a inda kake da iko, don bukata ta halal. Amma in ka gina ta a kan hanyar jama'a, ko ka ci burtali ka haƙa ta a ciki, hukunci ya juya. Duk abin da ya faɗa, mutum ko saniya, yana wuyanka.

Yanzu ga inda muke so ku kasa kunne sosai. Wani manomi an dame shi da sata. Ya sha wahalar dashe, ya sayi mai na injin ban ruwa da bashi, albasa ta yi, ya zuba a rudu yana jiran tsada. Sau biyu ana buɗe masa rudu da dare. Rai ya ɓaci. Sai ya haƙa rami a bakin ƙofa, ya kafa tsinin ƙarfe a ciki, ya rufe da kara da ƙasa. Imamu Malik ya yi magana a kan irin wannan tun fiye da shekara dubu da ta wuce. Wanda ya haƙa rami ko ya ɗana tarko da nufin halaka ɓarawo, shi ke da alhakin duk wanda ya faɗa, ɓarawon ne ko wani ne. Ramin da aka yi don namun daji dabam, wanda aka yi don ɗan Adam dabam. Niyya ce ta raba su.

Ku lura da wani abu. Tarko ba ya da ido. Ba ya sanin ɓarawo, ba ya sanin ɗan maƙwabcinka da aka aiko da asuba ya ari guga. Wannan shi ya sa mu a nan muke ganin hukuncin malamai daidai ne, ko da yake mun san zafin sata.

Haka ake yi ko a ƙasashen nesa. A Amurka, cikin jahar Ayowa, a shekarar 1967, wani manomi mai suna Edward Briney ya gaji da masu fasa masa wani tsohon gida da ba kowa ciki. Ya ɗaure bindiga a ɗaki, ya haɗa ta da ƙofa da waya. Wani mai suna Marvin Katko ya shiga zai kwashi tsofaffin kwalabe, bindiga ta tashi, ta ragargaza masa ƙafa. An ci ɓarawon tarar dala 50 saboda sata. Amma a 1971 babbar kotun jahar ta tabbatar da cewa manomin zai biya shi dala 30,000. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Sai da aka sayar da wani yanki na gonarsa. Kowa ya ɗauki laifinsa, amma na mai bindiga ya fi nauyi.

Dokar gwamnatin Nijar ita ma ba ta yi nisa da wannan ba. Aya ta 1382 da ta 1383 na kundin dokokin zaman jama'a, wanda muka gada daga Faransa, sun ɗora wa mutum gyaran ɓarnar da ya jawo wa wani, ko da gangan ya yi, ko don sakaci. Kalmar sakaci ita ce abin tsoro ga mai garka. In ka san yaran unguwa kullum ta gefen rijiyarka suke ratsewa, darninka ya faɗi tun bara, ba ka gyara ba, ranar da yaro ɗan shekara biyar ya faɗa, "wa ya aike shi" ba za ta fisshe ka ba. Yaro bai san iyaka ba. Babba kuwa da ya shiga da saninsa, alƙali yana duba nasa laifin, yana iya rage masa diyya. Haka nan galan na maganin ƙwari da aka bari a buɗe gindin bishiya: shi ma rijiya ce marar murfi.

Saura maganar bisashe. Saniya ta shiga garka ta ci shuka, mai garka ya ɗauki adda ya sare ta. Dokar 18 ga watan Yuni 1987, zamanin Shugaba Seyni Kunce, ta tsara wannan dalla-dalla. In dabba ta mutu, a biya kuɗinta na kasuwa. In sara ya sa dole a yanka ta, a biya rabi. In rauni ne kawai, a biya kashi ɗaya cikin huɗu. Shi kuma makiyayi ya biya ɓarnar shuka. An yi wasu dokoki bayanta, kamar dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010, kuma hanyar da suka nuna ita ce ta sulhu: a fara zuwa wurin mai gari ko hardo, in ba a daidaita ba a je wurin sarki, sannan gidan shari'a. In an yi sulhu, ku nemi a rubuta takarda, kowa ya sa hannu. Ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi amfani: ku karanta takardar kafin a dangwala.

Aikin wannan mako ba shi da tsada. Kowa ya zagaya garkarsa. Rijiyar da ake aiki da ita, a ɗaga bakinta da dutse ko bulo, a gitta itace. Wadda ta ƙafe ko ta rufta, a cike ta. Maganin ƙwari a kulle shi. Wanda sata ta dama, ya haɗa kai da maƙwabtansa su yi gadi bi da bi, in sun kama mutum su kai shi wurin mai gari ko jandarma da ƙafarsa.

In kun taru sauraron rediyo, ku tattauna wannan, ku aiko mana da amsa: rijiyar da manomi ya gina ya bari, ya ba wani aron garkar, akuya ta faɗa ciki. Mai garka zai biya, ko mai aro?