Darasin Wannan Wata: Tallar da Ta San Damuwarka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Kwanakin baya, muna rabon kayan abinci a Aboabo, wata baiwar Allah mai riƙon marayu ta ja ni gefe tana hawaye. Kuɗin makarantar ɗanta ne ya taso ba ta da shi. Yaron ya ɗauki wayarta ya bincika inda ake samun bashi. Washegari tana buɗe Facebook sai ga talla: rance cikin minti kaɗan, ba jingina, ba mai tsaya maka. Ta ce mini, "Alhaji, wallahi na ɗauka addu'ata ce aka amsa." Ta sauke manhajar, ta amince da duk abin da aka tambaye ta. Da biya ya yi jinkiri, sai suka bi lambobin da ke wayarta, har surukanta, suna aika saƙo cewa ita macuciya ce.

Abin da nake so mu fahimta a wannan darasi shi ne, wannan talla ba sa'a ce ta kawo ta ba. Aiko ta aka yi.

Yadda abin yake aiki

Ni ɗan kasuwa ne, don haka bari in kwatanta da kasuwa. A ce ka shiga Kejetia, wani dillali yana biye da kai da littafi. Ka tsaya wajen mai takalmi, ya rubuta. Ka taya atamfa ka fasa, ya rubuta. Ya ga unguwar da ka fito, ya ga waɗanda kuka gaisa. Da yamma ya je wurin masu shaguna ya ce, "Ina da mutum mai neman atamfa, kuɗinsa bai cika ba. Wa zai biya ni in kai shi gabansa?"

Haka Facebook da Instagram da YouTube da TikTok suke ci. Ba ma biyansu ko sisi, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, wanda kuma ya sayi WhatsApp a 2014, kusan duk kuɗin shigarsa daga talla yake fitowa. Abin da suke tarawa shi ne sawunmu: abin da muka bincika, bidiyon da muka daɗe muna kallo, shafin da muka so, garin da muke, shekarunmu, da irin wayar da muke riƙe. Mai talla sai ya zaɓi irin mutanen da yake so, ya biya, a kai musu.

Na taɓa gwadawa da kaina lokacin da na kawo jallabiyoyi gab da azumi. Ɗana ya taya ni, muka zaɓi maza a Kumasi, masu shekaru kaza zuwa kaza. Da 'yan sidi kaɗan kayana suka isa wayoyin mutanen da ban taɓa gani ba. Na yi ciniki, alhamdu lillahi. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba wanda ya zo shagona ya duba ko kayan nan suna nan da gaske. Ƙofar da mai gaskiya ya bi, ita ce maƙaryaci zai bi.

Mutane da yawa suna cewa wayar tana sauraron hirarsu. Kamfanonin sun musanta haka, kuma sawun da muke bari ya isa ya bayyana yawancin abin da muke gani. Musamman a gidajenmu, inda waya ɗaya take yawo daga hannun kaka zuwa na jika. Abin da yaro ya bincika da dare, shi zai bayyana wa mahaifiyarsa da safe.

Ko manhajojin addini ba su tsira ba. A 2020 'yan jarida a Amurka sun bankaɗo cewa bayanan wurin da masu amfani da Muslim Pro suke, wato manhajar lokutan salla, suna isa ga wani kamfanin dillancin bayanai. Daga baya masu manhajar suka sanar da yanke hulɗa da shi.

Inda haɗarin yake

Talla halal ce idan kayan halal ne kuma babu yaudara. Matsalar ita ce irin wannan talla takan same ka daidai lokacin da kake da rauni. Mai bashi ya ga tallar rance mai ruwa. Matashin da ke bin ƙwallo ya ga tallar caca. Tsoho mai ciwon suga ya ga maganin da wai yana warkar da komai. Mai burin sauke farali ya ga kujerar Hajji a rabin kuɗi. Mai neman fita waje ya ga biza da aiki a shirye.

Hukuncin riba yana cikin Suratul Baƙara, na caca yana cikin Suratul Ma'ida, kuma Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Shigowarsu ta waya ba ta canza hukuncin ba. Hoton Ka'aba ko sallama a saman talla ba shaidar amana ba ne. Mai tallar ya san wa yake nema, shi ya sa ya yi shigar da za ta kwantar mana da hankali.

Abin da za mu yi a gida

1. A kan kowace tallar Facebook akwai ɗigo uku a sama. Ku taɓa su, za ku ga dalilin da ya sa aka nuna muku ita, kuma kuna iya ɓoye ta ko ku kai ƙararta.

2. Manhajar da ta nemi izinin ganin lambobinku da hotunanku don ta ba ku rance, ku guje ta. Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi a kan masu ba da rance ta waya ba tare da lasisi ba.

3. Ku sa wani yaro mai hankali ya zauna da ku, ku duba saitin wayar tare. A kashe izinin sanin wuri ga manhajar da ba ta buƙatarsa. A asusun Google ana iya rage tallar caca da ta giya.

4. Kada ku tura MoMo saboda talla kawai, kuma lambar sirrinku ba ta kowa ba ce. Maganar Hajji a bi ta hukumar alhazai da wakilanta da aka tantance. Maganar magani a tambayi likita.

5. Ku bar kowace talla ta kwana. In an ce sai yau, gobe ta ƙare, to a nan ne ya kamata ku ja da baya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

6. Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta rufe masa baki. A Ghana ana kiran 292 don kai rahoto ga hukumar tsaron intanet.

Baiwar Allahn nan, da ta zo mana tun farko, da an san yadda aka yi da kuɗin makarantar ba tare da mutuncinta ya zube ba. Ta ce nauyin roƙo ne ya hana ta. Wannan laifinmu ne mu ma, in har manhaja ta fi maƙwabci saurin jin kukan mutum. Iyaye da malamai, mu riƙa tambayar juna lafiya da gaske.

Tambayoyin tattaunawa bayan sallar isha'i: Su wa ke amfani da wayar gidanmu? Wace talla ce ta fi yawan fito mana, kuma me ta nuna game da damuwarmu? In buƙata ta taso yau, wa za mu fara faɗa wa?

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya wadata mu da halal. Amin.