Kafin ka faɗaɗa memorin nan

Ɗana, na ji kukanka game da 'yar kwamfutar makarantarku, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Ka ce ka sayo sabon memori mai giga 32 a kasuwar Sinnar, ka kwafe tsohon mai giga 8 a kansa, amma da ka zo zuba Wikipedia ta Larabci sai na'urar ta ce babu wuri. Har ka ɗaura aniyar komawa wurin mai shago da faɗa. Dakata tukuna. Wataƙila bawan Allah bai cuce ka ba, kuma ko ya cuce ka, wannan ba ita ce shaidar ba.

Kwamfutar nan taku, Raspberry Pi, ba ta da rumbun ajiya na kanta. Mutanen Cambridge a Ingila da suka fito da ita a 2012 sun so yara su sami abin koyo mai araha, dala 35, sai suka bar komai nata a kan memori. Shi kuma memorin kashi biyu aka yi shi. Akwai ɗan ƙaramin ɓangare, mega 256 ko 512, mai tsarin FAT32, wanda da shi take tashi. Sai babban, mai tsarin ext4, inda manhaja da duk kayanka suke zaune. A farkon memorin akwai ɗan rubutu da ke faɗin inda kowane ɓangare ya fara da inda ya ƙare. Da ka yi kwafi, har wannan rubutun ka kwaso, don haka sabon memorin yana nan yana ɗaukar kansa mai giga 8.

Kai ɗan Jazira ne, ka san hawasha. A ce an ƙara maka fadan goma a gefen gonarka, ƙasa ta zama taka, amma turakun iyaka suna inda suke tun da, magudanar abu sitta kuma ba ta kai ruwa can ba. Ko ƙwayar dawa ba za ka girba a sabon filin ba sai ka matsar da turaku, sannan ka ja ruwa. Matsar da turaku shi ne faɗaɗa ɓangaren, jan ruwa shi ne faɗaɗa tsarin fayil ɗin da ke cikinsa. Aiki biyu ne, kuma da yawa sukan yi na farko su manta na biyu, su zauna suna mamaki.

Fara da dubawa. Buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ka buga lsblk. Za ka ga mmcblk0, wato memorin gaba ɗaya, da 'ya'yansa biyu a ƙasa, p1 da p2. Idan uban ya nuna 29 da ɗoriya, kada ranka ya ɓaci, haka giga 32 yake fitowa, domin masu kamfani suna ƙirga dubu-dubu, kwamfuta kuma tana ƙirga 1024. Idan p2 ya tsaya wajen 7, to ga matsalarka nan. Sai ka buga df -h ka ga abin da tsarin fayil ɗin yake faɗa game da kansa. In p2 ya riga ya kai 29 amma df yana cewa 7, an matsar da turaku ne ba a ja ruwa ba.

Faɗaɗawar kanta ba ta cin lokacin shan shayi. Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne abubuwa biyu da nake so ka yi kafin ta.

Na farko, gwada memorin. Akwai na jabu a kasuwa, kuma sau da yawa shi kansa mai shagon bai sani ba, haka aka kawo masa a kwali. Ana ɗaukar mai giga 8, a gyara 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikinsa ta riƙa cewa 32 ko 64 ne, a buga masa tambari mai sheƙi. Ko lsblk ba zai gane ba, abin da memorin ya faɗa masa shi zai faɗa maka. Ka lura da inda tarkon yake: muddin kayanka suna cikin giga 8 na farko, na jabu zai yi ta aiki lafiya lau, wata da watanni. Ranar da ka faɗaɗa, ranar na'urar za ta fara ajiya a wurin da babu shi. Ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ce ta ajiye. Sai bayan kwanaki ka buɗe littafi ka tarar da shirme, ko ta ƙi tashi ɗungurungum. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A Linux akwai f3: f3write ya cika memorin da fayiloli, f3read ya karanta su ya gaya maka nawa ne suka dawo daidai. A Windows akwai H2testw, aikinsu ɗaya. Tunda tsohon memorinka yana nan, goge sabon, ka yi gwajin a kansa babu komai, in ya ci jarrabawa ka sake kwafin. Zai ɗauki sa'o'i, ka bar shi yana yi ka tafi aji. In ya faɗi, to yanzu kana da abin nuna wa mai shago, kuma ka je masa da sallama.

Na biyu, ajiye ƙaramin kwafin nan na giga 8 a wani wuri, a laftof ko a filashi, kuma kada ka goge tsohon memorin don ka ba wani ya sa a waya. Faɗaɗawa tana yiwuwa na'ura tana kunne, amma rage ext4 sai an cire memorin an kai wata kwamfutar Linux, kuma aiki ne mai son natsuwa. Ga wani abu da mutane ba su cika sani ba: memori biyu da aka rubuta wa 32 ba lalle girmansu ya zo daidai ba, wani yakan gaza wani da 'yan mega. Idan ka faɗaɗa har bango sannan ka ɗauki kwafi, ranar da malamin wani ƙauye ta wajen Singa ko Damazin ya zo da nasa memorin yana roƙon ka zuba masa, kwafin zai iya ƙin shiga saboda wannan 'yar tazarar. Ƙaramin kwafi kuwa yana shiga ko'ina, kowa ya faɗaɗa nasa a gida. Wanda ya ga yadda layukan waya da intanet suka ɗauke a Fabrairun 2024, Jazira ta yi watanni a haka, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan kalmar "zan sake saukewa". Fayiloli irin na Wikipedia ma da sauƙi, wata rana a samu. Muryoyin tsofaffin Mai Wurno da ka ɗauka suna ba da labarin tahowar kakanninmu bayan yaƙin Burmi na 1903 fa? Waɗannan babu su a intanet ɗin kowa, kuma wasu daga cikin masu maganar sun riga mu gidan gaskiya. Su kam ka yi musu kwafi biyu, ɗaya ya kwana a wani gidan.

To, yanzu aikin. Buga sudo raspi-config, ka shiga Advanced Options, ka zaɓi Expand Filesystem, ka yarda ta sake tashi. Shi ke nan, ita za ta yi duka biyun. Za ka ce ai an gaya maka da kanta take yi. Gaskiya ne, tun 2016 manhajar takan faɗaɗa kanta, amma a tashin farko kawai, sau ɗaya. Taka ta yi nata tashin farkon tuntuni a kan mai giga 8, ba za ta maimaita ba.

Idan wani allon ne, irin su Orange Pi, ko manhajar ba ta da raspi-config, sai ka yi da hannu. Umarnin sudo parted /dev/mmcblk0 resizepart 2 100% zai kai ɓangare na biyu har ƙarshen memorin. Zai yi maka gargaɗi cewa ana amfani da shi, ka amsa masa da Yes. Sannan sudo resize2fs /dev/mmcblk0p2. Sharaɗin kawai shi ne p2 ya zama na ƙarshe, babu wani ɓangare a bayansa da zai tare hanya. Za ka ga wasu suna koyar da tsohuwar hanya ta fdisk, a share ɓangaren a sake ƙirƙirarsa. Tana aiki, amma in lambar farawa ta sauya ko da ɗaya ne, na'urar ba za ta ƙara gane kayanka ba. Ni ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya bi ta nan ba. Kuma ka karanta abin da ka rubuta sau biyu kafin ka danna, domin sudo ba ya tambayar ko da gaske kake.

Sai maganar wuta. Kada ka yi wannan aikin da wutar gari ko da janareto mai tari, kada kuma ka yi shi da magariba lokacin da batirin sola ya gaji. Yi da hantsi, batiri a cike. Pi 4 tana son volt 5 da amfiya 3, cajar waya ta ɗari biyu ba za ta ɗauke ta ba. In ka ga jar fitilar tana ƙiftawa ko ta mutu, wuta ce ta yi ƙasa. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta iyakoki tana iya lalata memori mai kyau. Ka koya wa yaran ma su daina fizge waya, a kashe ta da sudo poweroff, a jira koriyar fitila ta daina motsi.

In ta tashi, sake buga df -h. Za ka ga wurin da ya rage bai kai lissafinka ba, domin ext4 yakan keɓe kusan kashi 5 cikin 100 don kada na'ura ta shaƙe in ta cika. Bar mata shi, kuma kai ma kada ka cika ta maƙil, rage mata giga biyu ko uku. Wata rana za ka sa memorin a laftof mai Windows, ta ga ƙaramin ɓangaren kawai, ta ce ɗayan ba ta gane shi ba, ko a yi masa fomat? Ext4 ne ba ta iya karantawa ba, lafiyarsa ƙalau. Ka ce mata a'a, ka kuma gargaɗi duk wanda kake ba aron laftof ɗin.