Mutuwa da Dawowar Tauraro a Wasannin Kwamfuta

Gabatarwa

Duk mai wasan kwamfuta ya san cewa idan aka kashe tauraro, nan take yakan tashi ya ci gaba. Dalilin a fili yake: da a ce mutuwa ɗaya ce ƙarshen wasa, da 'yan wasa sun gaji sun watse. To, yaya masu tsara labarin suke sa wannan dawowa ta shiga hankali? Ga dabaru uku.

1. La'ana

A wasan Dark Souls na shekarar 2011, tauraron yana ɗauke da tambarin la'ana wanda ya hana shi mutuwar dindindin. Yakan farka a gindin wutar da ya huta a ƙarshe, amma rayukan da ya tara suna can inda ya faɗi. In ya sake mutuwa kafin ya kai gare su, sun tafi ke nan.

2. Asali

A wasan Hades na 2020, Zagreus ɗan sarkin matattu ne na tatsuniyoyin Girka, yana ƙoƙarin tserewa daga gida. Duk lokacin da aka kashe shi, sai kogin Styx ya mai da shi gidan ubansa.

3. Mai ba da labari

A Prince of Persia: The Sands of Time na 2003, Yarima ne ke ba da labarin abin da ya wuce. In ya mutu, sai ya nuna kuskure ya yi wajen faɗa, ya koma baya ya gyara.

Kammalawa

Darasi ga ɗalibin adabi shi ne, ƙwararren marubuci ba ya ɓoye giɓin da ke cikin labarinsa, yakan mai da shi jigo.