Darasin Kimiyya: Yadda Ƙwayar Dawa Ke Zama Zaƙi, da Abin da Yisti Ke Yi wa Zaƙin

Kowa ya zauna ya buɗe littafinsa. A kan teburin nan akwai abubuwa huɗu: kwanon busasshiyar dawa, kwanon dawar da na jiƙa kwana huɗu da suka wuce har ta yi tsiro, kwalbar aidin, da ƙullin yisti irin wanda iyayenku mata ke sawa a fanke da waina. Dawar a kasuwar Bodija na auno ta, sauran kuwa duk a nan Sabo na same su.

Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, fataucin goro da shanu ne ya riƙe ta, amma hatsin Arewa bai taɓa daina biyo mu Ibadan ba. Da shi ake dama koko da safe, da shi ake yin kunun zaƙin da ake sayarwa a robobi daga bakin masallaci har zuwa Mokola. Darasinmu na yau a kan wannan kunun yake. Sai dai dole mu ambaci giya a cikinsa, domin rabin farko na aikin mai kunu da na mai giya abu ɗaya ne. Mu ba ma shan ta, kuma ba dafa ta za mu koya ba. Ina so ne ku gane daidai inda hanyoyin biyu suka rabu, don kada kunun da aka dama da kyakkyawar niyya ya tsallaka iyaka ba tare da an sani ba.

Kashi na farko: rumbun da ke cikin ƙwaya

Kowace ƙwayar dawa rumbu ce ƙarama. Mafi yawan cikinta sitaci ne, abincin da uwar shuka ta tanadar wa ɗan tsiron da ke kwance a gefe guda. Sitaci kuwa ba komai ba ne illa ƙwayoyin sukari da aka sarƙa wuri ɗaya, ɗaruruwa zuwa dubbai, kamar carbi mai tsawon gaske. Harshe ba ya jin zaƙin carbin matuƙar yana sarƙe, sai an tsinka shi.

Ku duba. Na ɗiga aidin a kan kunun busasshiyar dawa, nan take ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi. Wannan launi shi ne shaidar sitaci. Ku rubuta shi, za mu dawo kansa.

Idan ƙwaya ta sha ruwa, sai ɗan tsiron ya farka da yunwa. Ba ya iya cin sitaci kai tsaye, don haka ƙwayar ke samar da wasu sinadarai masu aiki kamar almakashi, ana ce musu inzayim. Wanda ke yanka sitaci sunansa amilas. A 1833 wasu Faransawa biyu, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka fara ware shi daga tsiron sha'ir. Akwai irinsa a yawunku. Wanda ya daɗe yana tauna lomar burodi zai ji ta fara zaƙi, to aikin amilas ne. Akwai shi kuma da yawa a cikin dankalin Hausa, dalilin da ya sa masu kunun zaƙi ke niƙa busasshen dankali ko tsiron hatsi a ciki, tun kafin sukarin kanti ya wadata.

Hatsin da aka bari ya tsira na 'yan kwanaki, sannan aka busar da shi don tsiron ya tsaya, shi ake kira molt. Sunan da kuke gani a kwalaben Maltina daga nan ya fito. Amma ku kula: tsiron dawa da saiwoyinsa suna ɗauke da sinadari mai fitar da gubar sayanaid. Fulanin da ke kawo shanu sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa na iya kashe saniya. Saboda haka ake murje tsiron da saiwar a sheƙe su kafin a niƙa. Kada wanda ya ɗanɗana abin da ke cikin kwanon nan.

Kashi na biyu: me ya sa ake raba gasara biyu?

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne hikimar take. Wa ya taɓa tsayawa ya ga yadda ake dama kunun zaƙi a gidansu? Bayan an jiƙa gero ko dawa, an markaɗa da citta da kanumfari da barkono, sai a raba ƙullin gida biyu. Babban kaso a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko. A bar shi ya huce har ya zama hannu na iya jure ɗuminsa. Sannan a zuba ɗanyen kason, mai ɗauke da dankali ko tsiro, a juya, a rufe, a bar shi ya kwana. Da asuba sai a tarar kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito.

Ga abin da ya faru. Sitaci ɗanye a dunƙule yake, amilas ba ya samun ƙofar shiga sai zafi ya kumbura shi ya fashe. Sitacin dawa yana buƙatar zafin da ya haura digiri 70 a ma'aunin Salsiyas kafin ya buɗe sosai. Shi kuma amilas zafi mai yawa na lalata shi. Iri biyu ne: ɗaya ya fi ƙwazo tsakanin digiri 60 da 65, ɗayan kuma wajen digiri 70, kuma tafasasshen ruwa mai digiri 100 kashe su yake yi duka. Zafin da zai buɗe sitacin shi ne zai halaka almakashin. Mafita ita ce a dafa sitacin daban, a ajiye almakashin daban a ɗanyen kaso, sai zafi ya sauka a haɗa su. Kakanninmu mata sun warware wannan matsala da hannu da harshe, ba su da ma'aunin zafi ko ɗaya, kuma ni ina ganin sun cancanci a ambace su a littattafan kimiyya.

Turawa masu aiki da sha'ir ba su gamu da wannan wahalar ba, domin sitacin sha'ir yana buɗewa wajen digiri 60, daidai inda amilas ke aiki. Mai dafa giya a gida a Jamus ko Amurka zuba niƙaƙƙen molt yake yi cikin ruwa mai kimanin digiri 65, ya riƙe shi haka na awa guda, ya tace ruwan zaƙin. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da molt ɗin sha'ir a 1988, kamfanoni irin su Nigerian Breweries, wanda ya buɗe masana'antarsa ta Ibadan a 1982, dole suka koma ga dawa da masara. Nan suka ci karo da abin da masu kunu da masu burukutu suka sani tun kaka da kakanni. Irin dawar da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta inganta, kamar SK5912, ya shiga cikin wannan aiki, kuma manoman Arewa suka sami sabuwar kasuwa.

Yanzu ku sake dubawa. Wannan kunun na haɗa shi da tsiro tun jiya. Na ɗiga aidin, launin ya yi rauni ƙwarai. Sitacin ya tsinke ya zama sukari.

Kashi na uku: yisti

Har zuwa nan babu maye ko kaɗan. Ruwan zaƙi ne kawai, kuma lemon molt na kwalba a wannan matakin ake tsayar da shi. Abin da ke sauya lamari wata halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tal, dangin naman kaza. Faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya hango ta a madubinsa a 1680 bai san mai rai ba ce. Louis Pasteur ne, daga 1857, ya tabbatar cewa tsimuwa aikin ƙananan halittu ne.

Yisti yana cin sukari, in babu wadatacciyar iska sai ya fitar da abu biyu. Ku kwafa daga allo:

C6H12O6 → 2 C2H5OH + 2 CO2

Wato giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 92 na itanol, sinadarin da ke sa maye, da giram 88 na iskar kabon-dayoksaid. Kwalbar nan da na ɗaura wa balan-balan a baki tun farkon darasi, ruwan ɗumi ne da sukari da yisti a ciki. Kun ga yadda ya fara kumbura. Iskar nan ce ke tashin ƙullin alkubus da funkaso. Ɗan itanol da ya samu a ƙullin kuwa yana tafasa a digiri 78, don haka mafi yawansa ke tafiya da tururi a tanda ko kasko.

Wani zai ce, Malam, ai ba a sa yisti a kunun zaƙi. Gaskiya ne, amma yisti ba ya jiran gayyata. Yana kan fatar hatsi, yana jikin ƙwarya da muciya, yana cikin iska. Maƙwabtanmu Yarbawa sun san haka a bammi, wanda suke kira emu: da safe ruwa ne mai zaƙi, kafin yamma ya yi ƙarfi, ba wanda ya zuba masa komai. A cikin kunu kuwa tsere ake yi tsakanin yisti da wasu bakteriya masu mayar da sukari tsami, irin waɗanda ke sa nono da kamu su yi tsami. A daren farko bakteriyan ne ke gaba, su ke ba kunu ɗan tsamin nan mai daɗi. In aka ƙara sukarin kanti aka bar robar a zafi, yisti na ƙaruwa. Zafin Ibadan na rana, digiri 30 ko fiye, shi ne ainihin abin da yake so.

A taƙaice game da hofs, wanda masu dafa giya ke amfani da shi: furen wata shuka ce mai yaɗo, ana tafasa shi cikin ruwan zaƙin na awa guda ko fiye. Yana ba da ɗaci, yana kuma danne bakteriyan tsami don filin ya zama na yisti kaɗai. Yana son dogayen ranakun bazara na ƙasashe masu sanyi, kamar yankin Hallertau a Jamus, don haka ba a noma shi a nan. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun gwada shiwaka da namijin goro a madadinsa.

Mu koma kan batun tsallaka iyaka. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a bayar ko a zubar. Hukuncin wannan na malaman fiƙihu ne, ku tambaye su. Nawa shi ne in nuna muku alamomin aikin yisti a kunu: roba ta kumbura ta yi tauri, murfi ya yi tsaki in an buɗe, kumfa na tasowa daga ƙasa, ƙamshi ya koma mai hawa hanci. Duk wannan iskar yisti ce, kuma inda iskar take, itanol na tare da ita. Sanyin firji yana rage masa gudu amma ba ya kashe shi, kuma kun san halin wutar lantarkinmu. Zafin da ya kai digiri 60 ne ke kashe shi, shi ya sa ake gasa kwalaben lemon molt bayan an rufe su.

Aikin gida: kowa ya sayi kunun zaƙi roba ɗaya, ya raba shi a ƙananan robobi uku masu tsabta. Ɗaya a sa a firji ko cikin randa, ɗaya a ajiye a ɗaki, ta uku a tafasa kunun tukuna a zuba da zafinsa-zafinsa a rufe. A ɗaura wa kowace balan-balan a baki. Safe da yamma, har kwana uku, ku auna kewayen balan-balan ɗin da zare ku rubuta. Ba a sha, ba a ɗanɗana, kuma a gaya wa iyaye abin da ake yi. Ranar Litinin ku zo da sakamakon, za mu zana shi a allo.