Fari Da Yunwa: Abin Da Su Ke Ci Ban Da Hatsi

Darasinmu na wannan wata a kan fari ne, da ɓarnar da ya kan yi wa zaman jama'a. Kowa ya sani idan ruwa ya ɗauke gero ya kan ƙone, shanu su mutu. Amma akwai wata hasara wadda ba a auna ta da mudu, watau al'adun da su ke riƙe da gari. Bari mu duba su tare.

1. Yunwa mai suna

A ƙasar Hausa ba a mantawa da babbar yunwa, gama a kan raɗa mata suna. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Ta 1927 ana ce da ita 'Yan Buhu, ta 1942 kuwa 'Yar Gusau. Mutanen Nijar suna kiran ta 1984 El Buhari, domin a shekaran nan ne gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, hatsi ya yi wuyar ƙetarewa. Da irin waɗannan sunaye tsofaffi su ke ƙidayar shekarunsu.

2. Yadda gari ya ke tsaron kansa

Tun da shi ke kakanninmu sun san fari ya kan dawo, sun yi masa shiri. Uba da 'ya'yansa suna noma gandu ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Mai hali ya kan ajiye rumbun tsimi, ba a buɗe shi sai wuya ta yi wuya. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa sai ya kira gayya, maƙwabta su zo da fartanya, shi kuwa ya ba su fura da tuwo. Mata suna da biki: abin da aka kawo miki ranar suna, za ki mayar ranar aurar da 'yar mai kawowa. Fulani kuma su kan ba ɗan'uwa aron saniya, ya riƙe maruƙan da ta haifa, sa'an nan ya mayar da uwar. Dukan waɗannan rumbu ne, ko da shi ke ba da ƙasa aka gina su ba.

3. Farin 1972 zuwa 1974

Ruwan sama ya fara raguwa tun wajen 1968, amma a 1972 da 1973 abin ya tsananta daga Senegal har Chadi. Manomi ya kan soma da sayar da akuya. To, kowa yana sayarwa, sai kuɗin dabba ya faɗi, na hatsi ya hau. Daga nan a ci iri, a jinginar da gona, a koma ga tafasa da anza, har a tone gidan tururuwa domin 'yan tsabar da ta tara.

Makiyaya sun fi kowa shan wuya. Buzaye da yawa da garkensu ya ƙare suka gangaro Kano da Ikko suka kama aikin gadi. Tafkin Chadi ya rabu biyu a 1973, masunta da dama suka koma shuka masara da wake a wurin da dā su ke jefa taru. A Nijar, ƙorafi a kan rabon abincin agaji yana cikin dalilan da soja suka bayar sa'ad da suka hamɓarar da Shugaba Diori Hamani a watan Afrilu 1974. A 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari su ke yaɗawa ta lalatar da gyaɗar Arewa, wannan kuwa yana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano.

4. Abin da ya sami al'ada

Ku lura, 'yan'uwa, kowace al'adar taimako tana bukatar ɗan abin hannu. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Wanda ba shi da hatsin damun fura ba ya iya kiran gayya, sai dai ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa gonar ta yi ciyawa. Saurayin da ya tafi cin rani ya ga babu abin komowa, sai ya zauna birni, gandu ya rasa hannu. Matar da ta kasa mayar da biki ta kan ji kunya ta janye jiki. Aure ya kan jira wata shekara. Kalankuwa da damben kaka su kan yi sanyi, makaɗi da masaƙi su rasa mai ba su. Wanda saniyarsa ta mutu kuma, me zai ba wani aro?

Ba fari kaɗai ya sāke zamanmu ba. Kuɗi da makaranta da hanyar mota suna da nasu rabo. Amma fari ya gaggauta abin, ya kuwa fi karya matalauci.

5. Abin da za mu koya

Damina ɗaya mai kyau ta isa ta cika rumbu. Garke sai ya yi shekaru kafin ya komo. Amma gayyar da aka bari har yara suka girma ba su gan ta ba, da wuya ta tashi. Domin wannan, idan masifa ta zo, ko fari ko ambaliya irin ta Maiduguri a 2024, kada mu tsaya ga rabon buhu kaɗai. Mu tara hatsi a rumbun gari tun da kaka. Mu keɓe iri, kada a taɓa shi. Mu yi wa gwauruwa gayya, kowa ya zo da furarsa. Mu ba da aron akuya, mai karɓa ya riƙe 'ya'yan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Wace yunwa ce tsofaffin garinku su ke tunawa, me su ke kiranta?
2. Yaushe aka yi gayya ta ƙarshe a unguwarku, wa aka yi wa?
3. Idan damina ta gāza bana, gida nawa ne a cikinku za su ci irinsu?